Makau da Tayar Babur

Ni na laƙa masa suna Rumbu, kada wani ya zo ya ce muku shi ne. Muna yara a 'Yargalma, ranar wani suna, na ga ya share tuwonsa ya jawo na ƙanena, sai na ce, "Kai, wanga ba ciki ba ne, rumbu ne." Yara sunka ɗauka, manya sunka taya su. Uwarsa kaɗai ta ci gaba da ce masa Makau.

Ni ce Tasalla mai tuwo, ta bakin kasuwar Bagega. Uwar Makau, Gwaggo Kulu, ƙanwar babana ce, kun ga ke nan ni da shi taubasai ne. Wanda ya san taubasantaka ya san dokarta. Duk abin da na yaɓa masa, komai ɗacinsa, ba shi da ikon yin fushi, dole ya yi dariya. In ma ya ɓata rai shi manya za su yi wa faɗa, a ce bai san zumunci ba. Shi ma an ba shi damar ramawa, sai dai Allah bai ba shi baki ba. Ni kuwa an ba ni nawa an haɗa mini da na maƙwabta. Shekara arba'in ina yankan mutumin nan da harshe yana washe haƙora.

Ƙato ne tun tashinsa. In kaka ta yi anka buɗe fagen kokawa, daga Bukkuyum har Gummi da wuya ka sami wanda ya kai bayansa ƙasa. Amma in ya ka da mutum sai ya tsaya ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa jiki, har da ba shi haƙuri. Abin haushi! Abu guda ne ke ka da Makau, shi ne yunwa. Tun yana ƙarami, in rana ta take bai sa komai a ciki ba, sai hannuwansa su kama rawa, ya nemi gindin bango ya zauna, hawaye na zuba ba sauti. Saboda haka Gwaggo Kulu ba ta rabuwa da ƙanzo a ƙulle a bakin zanenta. Har ya yi gemu in ya shigo gida sai ta kwance ta miƙa masa, ni kuma in yi ta shewa ina cewa jariri ya zo shan nono.

Da zinari ya ɓulla a dajinmu, Makau na cikin na farko da sunka aje fartanya. Ƙarfi gare shi, sai ya riƙa saɓo buhun dutse daga rami har gida, ya farfasa a tsakar gida, ya kai injin niƙa, ya dawo da garin ya shanya kusa da inda matarsa Dija ke shanya gero. Kowa haka yake yi, ba wanda ya san da wani abu a ciki. 'Ya'yansa biyu, Rufaida da Nuhu, cikin garin dutsen nan suke wasa. Rufaida har tuwon wasa take tuƙawa da shi. A shekarar dubu biyu da goma yara sunka fara sanƙarewa gida-gida. Nuhu ya tafi ranar Litinin, Rufaida ranar Alhamis. Sai daga baya likitoci sunka zo sunka ce gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen. Dija ta tafi gidan iyayenta a Gummi wai ta huta, ba ta sake dawowa ba. Makau ya tsaya gaban liman ya rantse hannunsa ba zai ƙara taɓa injin niƙa ba, ko da yunwa za ta kashe shi.

Ya kasa zaman garin, ya taho Bagega. Nan ma dalma ta yi ɓarna, amma dai kaburburan nan ba na 'ya'yansa ba ne. Gwaggo Kulu ta aiko mini da saƙo ta bakin wani mai babur: "A ce wa Tasalla ga ɗan'uwanta nan. Ban ce ta yi masa tufa ba, ban ce ta nema masa mata ba. Cikinsa kawai za ta duba mini." Na ce a ce mata na ji, amma ta haɗo shi da gonar gero.

Wani mai rami, Dikko, ya ɗauke shi jan igiya. Ramin zinari kamar rijiya yake, sai dai ya fi ta ƙunci. A jikin bangon ake sassaƙa 'yan gurabe, mai shiga ya ware ƙafafu, ya taka nan ya taka can, tocila ɗaure a goshi, har ya kai ƙasa. A can zai sari dutse ya cika buhu, na sama su ja. Makau shi kaɗai yana jan abin da mutum uku ke ja. In an tashi sai ya zo rumfata ya zauna ya ci. Ba hira, ba karta, ba neman aure, ci kawai. Malmala shida, ya ɗora fura da sukari, ya bi da lemun kwalba. Yanzu na san baƙin ciki yake dannewa da tuwo. A lokacin kuwa da na hango shi sai in ce, "Jama'a, a janye benci, Rumbu ya iso, kada a yi asarar katako." Cikin shekara huɗu ya zama biyun yadda ya zo.

Gab da daminar dubu biyu da goma sha huɗu, ƙannen Dikko su uku sunka zo daga ƙauye neman aiki, ya ba su igiya. A rumfata ya tare Makau, gaban jama'a, ya ce, "Ruwa zai cika rami, kowa ya tafi gona. In kaka ta yi munka kwashe ruwa, aiki biyu ya rage mini. Ko injin niƙa, ko cikin rami. Zaɓi ɗaya."

Dikko ya san da rantsuwar sarai, ba wanda bai sani ba. Makau ya sunkuyar da kai ya ce, "Rami." Wurin ya fashe da dariya.

Ga dalilin dariyar. Ramin Dikko yana da wuya. Wajen gaba goma daga sama akwai wani falalen dutse da ya matse shi, an yi saran duniya ya ƙi. Dikko ya taɓa auna wurin ya ga daidai yake da cikin tayar babur, sai ya rataye wata tsohuwar taya a reshen aduwar da ke gefen rumfata. Duk baƙon da ya zo neman shiga rami sai ya ɗaga hannuwa an zura masa ita ta ka. In ta sauka har ƙafa, ya sami aiki. Ranar anka zura wa Makau. Ta wuce kafaɗu da ƙyar, ta zo bisa tumbi ta zauna daram, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Gwadabe, wani ɗan rami siriri mai bakin tsiya irin nawa, ya fisgi muciyata yana kiɗa a kan tayar. Sai da na kawo man gyaɗa anka shafa sannan ta fita. Makau na dariya, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Ni na fi kowa shewa, har da riƙe ciki.

Bayan kwana uku ya same ni ni kaɗai ina wanke tukunya, ya ce, "Tasalla, ki raka ni Anka ranar kasuwa. Malamar asibiti ta ce in zo da mai dafa mini abinci." Ashe har ya je shi kaɗai a ɓoye. Na ce zan je, ko don in ga sikelin da zai iya ɗaukarsa.

Malama Zuhura sunanta, 'yar gajeruwa, ba ta da lokacin wasa. Ta auna nauyinsa, ta auna jininsa, ta ce jinin ya hau. Makau ya ba ta labarin taya, ya ce wata huɗu gare shi, kuma ya yanke shawara zai daina cin abinci. Ta buga tebur har biro ya faɗi.

"Wa ya ce ka daina? Saurara, Malam Makau. Kowane abinci yana da ƙarfin da yake ba jiki, mu a nan kalori muke ce masa. Kai kana zuba fiye da wanda kake ƙonawa, ragowar ce ta taru a nan." Ta nuna tumbin da bakin biro. "Ragewa za ka yi, kaɗan-kaɗan. Amma akwai iyakar da ba a sauka ƙasa da ita. Mutum mai girmanka, mai aikin ƙarfi, ko yana rage ƙiba kada ya kasa kalori dubu biyu a yini. In ka kasa, ba kitse kaɗai jikin zai ci ba, naman cinyarka da na dantsenka zai kama ci. Za ka rame, ba shakka, amma ƙafa ba za ta ɗauke ka ba."

Makau ya ce shi bai san yadda ake ƙirga wannan abu ba. Ta jawo durowa ta ɗauko wani ɗan kwanon samira mai ruwan ɗorawa, wanda take cin abincinta a ciki, ta ɗora masa a hannu.

"Ƙirga tawa ce, kwano naka ne. Da safe a cika maka shi da koko ko fura da nono, ban da sukari, ka haɗa da ƙosai ko wake. Da rana tuwo cikinsa, miya da ganye yadda kake so, da ɗan nama ko kifi. Da yamma haka. Lemun kwalba ka yi sallama da shi. Sau uku, kullum, ba fashi." Sai ta juyo gare ni, ta ce mini Hajiya, ni da ko Gusau sau biyu na taɓa zuwa. "Hajiya, ke ke riƙe da ludayi. Kada ki ƙara masa. Amma don Allah, don Annabi, kada ki bari ya rage."

Na ce to. Da kunnena na ji, ba zan tsaya gaban Allah in ce ban ji ba. Makau ya tambaye ta ko zai wuce taya cikin wata huɗu. Ta ce wataƙila sai ya kai shekara, taya ta jira. Munka hau babur munka dawo.

Sati ukun farko ya bi kwanon nan kamar karatu. Ya zo da shi, in cika, ya cinye, ya suɗe, ya tashi ya tafi ƙodago gonar mutane. Kuma wallahi abin ya karɓe shi. Gwiwarsa ta daina ciwo, haki ya ragu, har na ji shi rannan yana 'yar waƙar kokawa a ƙasan maƙoshi, abin da rabona da ji tun kafin mutuwar yaran. Da an bar shi haka da yanzu yana nan.

Amma ba a bar shi ba. Gwadabe ya ce kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai an gwada taya, a ga inda anka kwana. Abu ya zama kallo. Mutane na tahowa har daga unguwannin nesa, a zagaye aduwa, a tuɓe wa ƙaton mutum riga, a zura masa taya, Gwadabe ya ja layi da gawayi a inda ta tsaya. Rumfata ce, da na ce a daina da an daina. Ban ce ba. Ranar Juma'a kafin la'asar tukunyata ta ƙare ƙaf, kuma ni ina son a yi dariya a ce Tasalla ce ta faɗa. A Juma'a ta uku layin gawayi ya sauka yatsa biyu kacal. Na duba na ce, "Taubashi, da wagga tafiya sai dai jikokin Dikko su gan ka cikin rami." Anka yi ta faɗuwa don dariya, shi ma ya yi. Washegari sau biyu ya kawo kwano.

Sai azumi ya kama. Kowa na yi, ba wanda ya lura cewa shi rabin kwano yake ci a buɗa-baki, sahur kuwa ruwa. Anka yi Salla, ya wuce da sitta shawwal. Ya gama ya kama Litinin da Alhamis. Daga nan sai ya zamana kullum ka tambaye shi azumi yake. Liman ya kira shi ya ce addini bai ɗora masa haka ba, Makau ya ce yana rama waɗanda ya sha ne yana saurayi, kuma kowa ya san ya sha da yawa, sai liman ya ƙyale shi. Kun ga wayon? Wa zai ce wa mai azumi ya ci? Sai a ce kai ne shaiɗan. In rana ta faɗi ya kurɓi ruwan tsamiya da lemun tsami, don wani mai tallan magani a kasuwa ya ce suna narkar da kitse, ya ci dabino uku, ya jefa goro a baki ya kashe yunwar. Kwanon Malama Zuhura kuwa ya rataye mini shi a rumfa, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

Ya rame, ai dole ya rame. Fatar cikinsa ta zazzago tana lilo, idanu sunka faɗa, wuya ya fito. In ya miƙe sai ya dafa bango ya jira duniya ta daina juyawa. An ce sau biyu ya faɗi a gona da fartanya a hannu. Rannan na ce ya matso mini da jarkar ruwa, wadda da yake ɗauka da yatsa biyu, sai na ga ya rungume ta yana ja a ƙasa. Na gani da idona. Kun san abin da na ce? Na ce, "Ikon Allah, Rumbu ya koma buhu!" Tir da baki irin nawa.

Malama Zuhura ta aiko mai babur har rumfata, ta ce a faɗa wa Hajiya mai ludayi Makau bai zo awo ba wata biyu, don Allah ta turo shi. Ranar Laraba ce. Ba mantawa na yi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na san in ya je za ta mayar da shi kan kwano, kuma layin gawayi ya fara gudu ƙasa, 'yan kallo sun ninka. Na ce bari a wuce wannan Juma'ar tukuna. Ta wuce, wata ta zo, ita ma ta wuce.

Juma'ar ƙarshe taya ta wuce tumbi, ta ɗan tsaya a ƙugu, saura ƙiris. An riga an kwashe ruwan rami. Dikko ya ce gobe Asabar da hantsi za a yi gwajin ƙarshe, in ta wuce ya shiga a ranar, in ta tsaya injin niƙa na nan.

Da sassafe ya zo, ina hura wuta. Ya zauna a bakin benci, bencin ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Tasalla, sauko mini da kwanona. Yau ban ɗauki azumi ba. Malama ta ce ƙafa ba za ta ɗauke ni ba, kuma rami da ƙafa ake hawansa." Hannuwansa na rawa, irin rawar nan ta yarinta. Na sauko da kwanon na wanke. Wata Bafillatana ta kawo nono mai kyau, na dama masa fura mai kauri, na cika har baki. Kafin in gama 'yan rami sun taru, su Gwadabe sun zagaye aduwa, ana jiran kallo. Makau ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kai baki.

Maganar ta zo mini kan harshe. Na ji ta, na san irinta, kuma da na haɗiye ta da ba abin da zai same ni. Amma jama'a na kallona, suna jiran abin da Tasalla za ta ce. Sai na ce, "Sha, taubashi, sha ka ƙoshi. In ciki ya kumbura ta maƙale, man gyaɗa na nan. In ta ƙi kuma injin niƙa na jiranka, ai kun saba."

Wasu sunka yi dariya, wasu sunka sunkuyar da kai. Makau ya dube ni ta saman kwanon. Shekara arba'in ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Can sai ya tuna ni taubashiyarsa ce, ya buɗe baki ya yi 'yar dariyar da ta wajaba a kansa. Ya waiwaya ya dubi taya. Ya aje kwanon bisa benci a hankali, ko leɓensa bai jiƙe ba. Gwadabe ya ce a'a, ba a wulaƙanta abinci, ya ɗauka ya shanye tas, ya yi gyatsa.

Anka zura taya. Ta sulale tun daga ka har ƙafa, ta faɗi ƙasa tana katantanwa. Wurin ya kaure da ihu, ana ɗaga hannunsa kamar ya yi kaye a fagen kokawa. Dikko da kansa ya ɗaura masa tocila a goshi.

Da rana ta take na ɗauki tukunya na kai bakin rami kamar yadda na saba. Na tarar Dikko na tsaki, wai tun safe buhu huɗu kawai Makau ya turo, inda wani zai turo goma. Ya leƙa ya ƙwala masa kira ya ce ya fito haka nan, wani ya shiga. Sai munka ji muryarsa daga can ƙasa, siririya.

"Tasalla na nan?"

Na ce, "Ina nan, Rumbu."

"Zuba mini a kwanona. Ki cika shi."

Na zuba tuwo, na malala miyar kuka, na tsamo tsokar da ta fi kowacce girma na ɗora. Na zo bakin rami da kwanon a hannu. Munka hango hasken tocila yana tahowa, ya taka ya huta, ya taka ya huta. Gwadabe da ke kwance rub-da-ciki yana leƙe ya ce, "Ya wuce wuya!" Ya ci gaba da tahowa har na fara ganin fuskarsa, bai fi gaba uku tsakaninmu ba. Sai hasken ya tsaya. Ƙafafunsa na ware, ɗaya a wannan bango ɗaya a wancan, suna kakkarwa har ƙasa na zubowa. Dikko ya ce, "Igiya! Ku jefa igiya!" Anka jefa, ta sauka bisa kafaɗarsa. Ya saki bango ya kama ta da hannu biyu. Hannun nan da ke jan kayan mutum uku, ina kallo igiya ta zame a cikinsa kamar an shafa mata mai. Bai yi ihu ba, ni yake kallo, ko kwanon, ban sani ba. Wuyan ramin da ya hana shi shiga wata huɗu bai tare shi ba, ya wuce har ƙasa.

Gwadabe ya sauka ya ɗaure shi. Biyu daga cikin ƙannen Dikko sunka jawo shi, na ukun ma bai sa hannu ba. Da sunka shimfiɗe shi, ƙaraminsu ya share gumi ya ce, ba da wata manufa ba, "Kai, wallahi buhu ya fi shi nauyi." Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Sati bai zagayo ba wani baƙo ya zo neman aiki, Dikko ya sa anka sauko da taya daga aduwa.

Washegarin rasuwar na ƙulle kayansa na hau babur zuwa 'Yargalma. Gwaggo Kulu ta tsufa, idonta ya yi rauni, kuma rabonta da shi tun kafin ruwa ya yanke hanya. Ba wanda ya faɗa mata yadda ya koma. Na same ta zaune bakin ɗaki, mata zagaye da ita. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta ce, "Tasalla, ki gode mini waɗanda sunka ɗauke shi zuwa makwancinsa. Na san sun sha nauyi, bayin Allah." Na ce zan faɗa musu.

Ta jawo ƙullin kayan tana lalubawa. Ta shafa babbar rigarsa, ta kai hanci. Hannunta ya faɗa kan kwanon samira, ta juya shi, ta auna bakinsa da yatsu.

"Wanga kuma na wane yaro ne?"

Na ce, "Nawa ne, Gwaggo, ya shigo cikin kayan ban lura ba."

Da mata sunka ɗan rage ta kamo hannuna ta jawo ni kusa, ta rage murya.

"Abu guda nike son ki faɗa mini, don ke na ba amanarsa. Mutuwa dai ta Allah ce, ban ce komai ba. Ya karya kumallo kafin ya shiga?"

Na ce, "Ya karya, Gwaggo. Fura da nono. Ya sha ya ƙoshi."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa kaina. "Alhamdulillahi. Allah ya yi miki albarka, ɗiyata, kin riƙe zumunci. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan tun jiya. Kin san shi, ba ya jure yunwa."

Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙanzo. Ta ce tun farkon kaka ta aje masa, tana sa ran zai leƙo. Ta zuba mini a tafin hannu ta ce in ci, na sha hanya. Na ce na ƙoshi. Ta ce ba a zuwa gidanta a ce an ƙoshi. Ta riƙe wuyan hannuna ta kasa kunne, tana sauraron taunata, ba ta sake ni ba sai da na cinye.